Tambayoyi da Amsoshi Kan “Up to Date” da “Up-to-Date” a Rubutun Turanci

Duk mai rubuta wasiƙar neman aiki, ko rahoton ofis, ko aikin makaranta da Turanci, wata rana sai hannunsa ya tsaya a kan waɗannan kalmomi uku. Nan ya gan su a rarrabe, can ya gan su an ɗinke su da karan ɗori, wato ɗan gajeren layin nan (-), kuma duka a rubutun mutanen da suka san harshen. Ga tambayoyin da ɗalibai da ma'aikata suka fi yi a kan lamarin.

Wanne ne daidai, *up to date* ko *up-to-date*?

Duka biyun daidai ne, sai dai kowanne da mazauninsa. Idan kalmomin sun zo kafin sunan da suke siffantawa, ana haɗa su da karan ɗori. Idan sun zo bayan sunan, ana barin su a rarrabe. Dubi waɗannan jimloli biyu:

*We need an up-to-date list of members.*

*The list of members is up to date.*

A ta farko, sifar ta riga *list* zuwa, saboda haka aka ɗinke ta. A ta biyu, *list* ta riga ta wuce, sifar ta biyo bayan aikatau *is*, sai aka sake ta. Ma'ana ba ta canza ba ko kaɗan. Wurin zama ne kawai ya canza. Wanda ya riƙe wannan ya gama da rabin matsalar karan ɗori a Turanci, domin doka ɗaya ce ke aiki a kan siffofi masu yawa irin wannan.

Me kalmar take nufi ma tukuna?

Idan takarda ce ko bayani, tana nufin an shigar da duk abin da ya faru har zuwa yanzu, babu abin da aka bari a baya. Idan na'ura ce ko hanyar aiki, tana nufin ta zamani ce, irin wadda ake yayi. Idan mutum ne, tana nufin yana da labarin inda aka kwana a kan wani al'amari.

Me ya sa aka yi wannan doka? Ba wahalar da mutane ba ce kawai?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi, domin wanda ya gane dalilin ba ya bukatar hadda.

Bahaushe idan zai siffanta abu da dogon bayani, sai ya fara ambatar abin, bayanin ya biyo baya: rahoto mai shafi goma, yaro ɗan shekara biyar, gini mai hawa uku. Tun daga kalmar farko mai sauraro ya san a kan me ake magana, kuma 'yan ƙananan kalmomi irin su “mai” da “ɗan” suna nuna masa abin da ke haɗe da wani. Turanci kuwa jibge bayanin yake yi kafin sunan. Mai karatu kan wuce kalma biyu, uku, wani lokaci huɗu, bai kai ga abin da ake siffantawa ba. A wannan tazarar ce yake bukatar a nuna masa waɗanne kalmomi ne ke tafiya tare. Aikin karan ɗori ke nan, kamar igiyar da ake ɗaure itace da ita don a ɗauke su dami guda.

Ga misalin da ke nuna cewa abin ba ado ba ne:

*two week-old reports*

*two-week-old reports*

Na farko rahoto biyu ne, kowanne ya yi mako ɗaya da fitowa. Na biyu kuwa rahotanni ne da ba a faɗi yawansu ba, waɗanda suka yi mako biyu da fitowa. Kalmomi iri ɗaya, jeri iri ɗaya, amma ɗan layi guda ya raba ma'anar gida biyu. Haka ma *an old map collector* zai iya zama tsoho mai tara taswira, alhali *an old-map collector* mai tara tsofaffin taswirori ne, ko da matashi ne.

A kan *up to date* ɗin kanta, akwai wani tarko na musamman. Idon mai karanta Turanci ya saba ganin *up to* kafin adadi, kamar *up to fifty people*, wato mutanen da ba su wuce hamsin ba. To idan ka rubuta *We sent up to date figures*, sai ya karanta *sent up to* yana jiran adadi, ya tarar da *date*, ya koma baya ya sake karantawa. Zai gane nufinka daga ƙarshe, amma ka sa shi tuntuɓe a inda bai kamata ba. Da ka rubuta *We sent up-to-date figures*, da ya wuce sumul.

Bayan suna kuwa babu wannan haɗarin. An riga an san abin da ake magana a kai, babu wata kalma a gaba da sifar za ta cakuɗe da ita, saboda haka babu abin ɗaurewa.

Malam, na rubuta *Please keep the file up to date*. Babu *is* a ciki. In sa karan ɗori?

Kada ka sa. Nan ne da yawa ke ruɗewa, domin an koya musu dokar a taƙaice: wai bayan *is* ko *are* ne ba a sawa. Gaskiyar dokar ta fi haka faɗi. Abin dubawa shi ne inda sunan yake. A jimlarka sunan shi ne *file*, kuma ya riga sifar zuwa. Saboda haka a rarrabe za ta zauna. Haka abin yake a duk waɗannan:

*Bring the accounts up to date before Friday.*

*She keeps her staff up to date.*

*The map looks up to date.*

*Is your passport up to date?*

Ga hanyar gwaji mai sauƙi. Ɗora yatsa a kan kalmar *date*, ka dubi abin da ke biye da ita. In sunan da ake siffantawa ne, ko wata sifa da ke kaiwa ga sunan, sa karan ɗori. In aya ce, ko waƙafi, ko alamar tambaya, ko wata kalma irin su *with* da *before*, bar ta a sake.

Amma ƙamus ɗina ya nuna ta da karan ɗori, kuma na ga jarida ta rubuta *The system is up-to-date*. Su ne suka yi kuskure?

Ba lallai ba ne. Turanci ba shi da wata hukuma guda da ke yanke hukunci a kan rubutu, yadda Faransanci ke da majalisarsa tun 1635. Abin da ake da shi ƙamusai ne da jagororin rubutu na gidajen buga littattafai da na jaridu, kuma ba a kan komai suka yi ittifaƙi ba.

Ƙamus ɗin Merriam-Webster na Amurka ya jera kalmar da karan ɗori a matsayin sifa. Ƙamusan Oxford na Ingila sun jera ta a rarrabe, sannan a misalansu sai ka ga karan ɗorin ya bayyana idan ta zo kafin suna. Jagorar rubutu ta Chicago Manual of Style, wadda maɗaba'ar Jami'ar Chicago ke fitarwa tun 1906, kuma bugunta na 18 ya fito a 2024, ta ce irin waɗannan siffofi galibi ba sa bukatar karan ɗori bayan suna, ko da ƙamus ya jera su da shi. Ita kuwa jagorar kamfanin dillancin labarai na Associated Press a da ta daɗe tana koya wa 'yan jarida su riƙe karan ɗorin bayan aikatau irin su *is* da *was*, kafin daga baya ta sassauta dokar. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake ganin *is well-known* da *is up-to-date* a rubutun Amurkawa.

To me mutum zai yi? Ra'ayina shi ne a raba abin biyu. Kafin suna, babu jayayya: kowa ya yarda a sa. Wanda ya rubuta *an up to date report* ya bar abin da duk jagororin ke nema. Bayan suna ne ake da saɓani, kuma a nan barin ta a rarrabe ya fi aminci, domin da wuya ka sami edita ko malamin da zai ja maka jan biro a kan *The report is up to date*, alhali akwai masu jan sa a kan *is up-to-date*. In wurin aikinka ko makarantarka na da jagorar da suke bi, ita ce gaba da ra'ayina. Abin da bai dace ba shi ne a sami salo biyu a takarda ɗaya, shafi na 2 da karan ɗori, shafi na 5 babu, a mazauni iri ɗaya.

A ce *a up-to-date* ko *an up-to-date*?

*An*. Kalmar da ke biye da ita kai tsaye ita ce *up*, kuma da wasali take farawa a furuci. Ba a duba sunan da ke can gaba.

Na ga wasu na rubuta *uptodate*, wasu *upto date*, wasu *up-to date*. Akwai mai kyau a ciki?

Babu. *Uptodate* a dunƙule ba kalma ba ce a Turancin rubutu. Akwai wani rumbun bayanan likitanci da ake kira UpToDate, amma wannan sunan kaya ne, kuma masu kaya na rubuta sunansu yadda suka ga dama. *Upto* ma ba kalma ba ce. Mutane na kwatanta ta da *into* da *onto*, waɗanda suka dunƙule tuntuni, amma *up to* har yau kalma biyu ce. Shi kuwa *up-to date* rabin aiki ne. Ko dai a sa karan ɗori biyu, ko kada a sa ko ɗaya. Sannan ba a barin fili a gefensa: *up - to - date* kuskure ne.

Wace kalma ke biyo bayanta, *with* ko *on*?

Duka ana ji. *Up to date with* ta fi yawa a Ingila, kuma tana tafiya da labarai da kuma aikin da mutum ya kamata ya gama: *I am up to date with my rent*, wato ba a bin sa bashin haya. *Up to date on* ta fi yawa a bakin Amurkawa, musamman idan ana maganar sanin halin da wani batu ke ciki: *Keep me up to date on the case*. Duk wadda ka ɗauka ba ka yi laifi ba. *Up to date of* ce ba a faɗa. Lura kuma cewa a duk waɗannan babu karan ɗori, tunda ba suna ne ke biye da sifar ba.

Mene ne bambancin *updated* da *up to date*? Ba abu ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma wannan bambancin ya fi batun karan ɗori muhimmanci, domin yana iya sa mutum ya faɗi abin da ba gaskiya ba bai sani ba.

*Updated* na ba da labarin wani aiki da aka yi: an taɓa abin, an yi masa gyara ko ƙari. Ba ta ce yaushe ba. *Up to date* kuwa hali take bayyanawa: a yanzu haka da ake magana, abin ya yi daidai da yadda al'amura suke. Jerin sunayen da aka gyara a 2019 *updated* ne, amma in mutane sun shiga sun fita tun daga lokacin, ba *up to date* ba ne. A ɗaya ɓangaren kuma, takardar da ba a taɓa ta ba shekara biyar tana iya zama *up to date* idan babu abin da ya canza a kan batunta.

Saboda haka idan wani ya nemi ka aiko da *up-to-date CV*, yana son wadda ta ƙunshi aikinka na yanzu da lambar wayarka ta yanzu. Idan ka rubuta *I have attached the updated report*, kana cewa ga wanda aka yi wa gyara, saɓanin wanda ka aika a baya. Ita kuwa *update* aikatau ce ko suna, ba sifa ba. *The record is update* kuskure ne da ake yawan gani. Sai dai a ce *is updated* ko *is up to date*, gwargwadon abin da ake nufi.

Zan iya fara jimla da ita, kamar *Up to date, we have received ten applications*?

A nan abin da kake nufi shi ne “zuwa yanzu”, kuma Turanci na da kalmominsa na wannan: *to date* ko *so far*. Rubuta *To date, we have received ten applications*. Haka ma *till date* da *up till date*, waɗanda suka yaɗu a bakin masu Turanci a matsayin harshe na biyu a ƙasashe da dama. Za a gane ka, amma a takardar da za ta je hannun mai karatu na ko'ina, *to date* ko *until now* sun fi karɓuwa. A takardar tarihin aiki, inda ake rubuta shekarar fara aiki da ake kai har yanzu, *2021 to date* ko *2021 to present* ake sawa.

Mene ne kishiyarta?

*Out of date*, kuma doka ɗaya suke bi: *an out-of-date timetable*, amma *The timetable is out of date*. Akwai kuma *outdated*, kalma ɗaya dunƙulalliya wadda ba ta da rigimar karan ɗori a ko'ina ta zauna. *Outdated* ta fi dacewa da ra'ayi ko na'ura ko tsarin da zamani ya wuce. Abin da ke da ranar ƙarewa a rubuce, kamar fasfo ko lasisi ko magani, *expired* ko *out of date* ake ce masa.

Yaya ake cewa wani ya fi wani?

Da *more* da *most*. Ba a taɓa jikin kalmomin uku. *This edition is more up to date.* *We use the most up-to-date equipment.* Lura cewa *more* da *most* ba sa shiga cikin ɗaurin. Suna tsayawa a gefe, karan ɗorin ya fara daga *up*.

Wannan doka ta *up to date* ce kaɗai?

A'a, kuma a nan ne ribar koyonta take. Galibi gungun kalmomin da ya taru ya yi aikin sifa ɗaya yana bin ta. *A well-known writer*, amma *The writer is well known*. *A step-by-step guide*, amma *Follow it step by step*. *A face-to-face meeting*, amma *We met face to face*. *A full-time job*, amma *She works full time*, ko da yake a wannan ta ƙarshen za ka ga masu riƙe karan ɗorin da yawa. *A long-term plan*, amma *in the long term*, inda *term* ta koma suna, *long* kuma sifarta.

Akwai 'yar uwarsu guda da ta ɗauki wata hanya, ita ce *everyday*. Maimakon karan ɗori, dunƙulewa ta yi. *Everyday* a haɗe sifa ce mai nufin abin yau da kullum: *everyday problems*. *Every day* a rabe na nufin kowace rana: *I read every day*. Gwajinta shi ne ka sa *each day* a wurin. In jimlar ta tsaya daidai, rabe su. Wannan kuskure ya cika allunan talla har a ƙasashen da Turanci ne harshen uwa, amma yawan masu yin sa bai mayar da shi daidai ba a rubutun da ake tantancewa.

To me ya sa ba a sawa a *a highly qualified nurse*? Ai kafin suna ta zo.

Saboda *highly* bayanau ce mai ƙarewa da *ly*. Wannan wutsiyar da kanta tana sanar da mai karatu cewa kalmar na jingine da sifar da ke biye da ita, ba da sunan ba. Babu mai karanta *highly* ya zaci *nurse* take siffantawa. Tunda babu ruɗani, babu bukatar ɗauri. Jagororin Amurka da na Ingila sun haɗu a kan wannan. Haka *a newly built school*, *a widely used method*. *Very* ma haka take: *a very old building*.

Sai dai a yi hattara, ba duk mai ƙarewa da *ly* ce bayanau ba. *Family* suna ne, *friendly* sifa ce. Saboda haka *a family-owned business* da *a friendly-looking dog* suna ɗaukar karan ɗorinsu.

Wani zai ce, ai *well* ma bayanau ce, me ya sa ita ake sa mata? Domin ba ta da wannan wutsiya, kuma kalmar *well* na da fuska da yawa a Turanci. Tana nufin “da kyau”, tana nufin “mai lafiya”, tana kuma nufin rijiya. Irin waɗannan gajerun bayanau, *well*, *ill*, *fast*, *little*, *much*, su ne ake ɗaurewa kafin suna.

Ina yawan ruɗewa da shekaru da adadi. *Five years old boy* ko *five-year-old boy*?

*A five-year-old boy*. Abu biyu ke faruwa a nan lokaci guda. Na farko karan ɗori, bisa dokar da muka sani. Na biyu, harafin *s* na jam'i yana faɗuwa. Idan adadi da ma'auni suka shiga gaban suna a matsayin sifa, ma'aunin na komawa tilo: *a ten-page report*, *a three-hour journey*, *a six-month course*, *a 50-metre pool*. Da zarar sun koma bayan suna, jam'in ya dawo, karan ɗorin ya tafi: *The boy is five years old. The report is ten pages long.*

Wannan *s* ɗin ya fi karan ɗorin tona asiri, domin ana jin sa a baki. Mai sauraro ba zai san ko ka sa karan ɗori ba, amma zai ji *a two weeks course*. Akwai kuma wuri ɗaya da karan ɗorin ke zama ko babu suna a gaba, wato idan gungun ya zama suna da kansa: *a class of five-year-olds*.

Akwai waɗanda ba sa rabuwa da karan ɗorinsu ko'ina suka je?

Akwai. Siffofi irin su *old-fashioned*, *good-looking*, *open-minded* da *left-handed* galibi suna riƙe shi ko bayan suna: *His ideas are old-fashioned*. Waɗannan sun daɗe tare har sun zama kamar kalma ɗaya, kuma wasunsu in ka raba su, rabin na biyu ba ya tsayawa da ƙafarsa da ma'anar da ake so. Masu farawa da *self* ma haka: *She is self-employed*. Babu wata doka da za ta tattara su duka. A nan ƙamus ne abokin shawara.

Na ga an rubuta *short- and long-term goals*. Wannan karan ɗorin da ke reto fa?

Daidai ne. An taƙaita *short-term and long-term goals* ne don gudun maimaita *term*. Karan ɗorin da aka bari a jikin *short* yana gaya wa mai karatu cewa sauran kalmar na nan tafe. Ana barin fili bayansa, ba kafinsa ba. Haka *two- and three-bedroom flats*.

A kan take ko kanun labari, waɗanne haruffa ne manya?

In salon da kake bi na sa babban harafi a manyan kalmomin take ne, rubuta *Up-to-Date*, da ƙaramin *t* a *to*. In salon jimla kake bi, harafin farko na take kaɗai ke zama babba.

An ce karan ɗori na ɓacewa a Turanci. Ba ɓata lokaci muke yi ba?

Gaskiya ne yana raguwa, amma a duba inda yake raguwar. A 2007, bugu na shida na Shorter Oxford English Dictionary ya cire karan ɗori daga kalmomi kimanin 16,000. Wasu aka raba su biyu, kamar *ice cream* da *fig leaf*, wasu aka dunƙule su, kamar *bumblebee* da *chickpea*. Associated Press ta daina rubuta *e-mail* ta koma *email* a 2011, Chicago ta bi sahu a bugunta na 2017. Kalmar *today* ma da *to-day* ake rubuta ta a tsofaffin littattafai.

Amma kusan duk waɗannan harɗaɗɗun sunaye ne. Suna in ya daɗe a bakin mutane, ido ya saba da shi, sai ya daina bukatar alamar da ke nuna cewa abu ɗaya ne. Karan ɗorin da muke magana a kai daban ne. Shi ba na wata kalma ba ne, na jimla ne. Marubuci ne ke ƙirƙirar sa a duk lokacin da ya haɗa kalmomi suka zama sifa, ko da haɗin da ba a taɓa yi ba ne. Muddin Turanci na jera bayani kafin suna, bambancin *two week-old reports* da *two-week-old reports* na nan, kuma babu wata alama da ke nuna shi a rubuce sai wannan. A saƙon waya tsakanin abokai babu mai tuhumarka. A takardar yarjejeniya, ko rahoton bincike, ko wasiƙar neman aiki, ina ganin ya cancanci daƙiƙa biyun da za a kashe a kansa.

Manhajar rubutu ba za ta gyara mini ba?

Wani lokaci tana ja maka layi a ƙarƙashin *up to date report* ta ba ka shawarar ɗinkewa, kuma ta yi daidai. Amma takan yi shiru inda ya kamata ta yi magana, takan kuma nemi a sa inda ba a bukata. A misalin rahotannin nan biyu ba ta da yadda za ta san wanne kake nufi, tunda duka biyun Turanci ne mai kyau. Karɓi shawararta bayan ka duba inda sunan yake.

Wane maɓalli ne na karan ɗori? Ina ganin layuka masu tsawo daban-daban.

Uku ne a rubutun Turanci. Mafi gajarta shi ne karan ɗori, wanda ke kusa da sifili a jerin lambobin allon kwamfuta, kuma shi ake sawa a *up-to-date*. Matsakaicin ana amfani da shi tsakanin lambobi, kamar shafi 10–25. Mafi tsawon na yanke magana ne a tsakiyar jimla. Kada a bar fili lokacin buga karan ɗori, domin Microsoft Word na iya mayar da shi matsakaicin layi da kansa idan ya ga fili a gefe da gefe. In kuma ba ka son kalmar ta karye a ƙarshen layi, rabi a sama rabi a ƙasa, danna Ctrl da Shift tare da maɓallin karan ɗorin a Word, zai ba ka wanda ba ya karyewa.

A jarrabawa ko ƙidayar kalmomi, *up-to-date* kalma nawa ce?

Ɗaya. Microsoft Word na ƙirga duk abin da babu fili a tsakaninsa a matsayin kalma guda, saboda haka *up-to-date* ɗaya ce, *up to date* uku. A jarrabawar gwajin Turanci ta IELTS ma, a sashen sauraro da na karatu, kalmar da aka haɗa da karan ɗori ɗaya ake lissafa ta. Wannan na da amfani idan umarnin tambaya ya ce kada amsa ta wuce kalma biyu: *up-to-date maps* ta shiga, amma *up to date maps* ta zama huɗu, an wuce iyaka, kuma amsar da ta wuce iyakar kalmomi ba a ba ta maki.